Labarin da Saje Ya Ba Auta

A Utai akwai wani babban gida da har yau ba a raba gandu ba. Rumbu ɗaya, garke ɗaya, magana ɗaya, maganar kuwa ta Alhaji ce, don shi ne babban wa. Garin tsohon mazaunin Jobawa ne, dangin Malam Bakatsine na zamanin jihadi, kuma kunyar nan ta kaka da kakanni tana nan da ranta: ƙane ba ya duban tsabar idon wansa ya ce masa ya yi kuskure, ko da shi ma ƙanen furfura ta gama cinye masa gemu. Ba zan faɗi unguwar ba. Waɗanda suka san gidan sun san shi, sauran kuma ba za su rasa irinsa a garinsu ba.

Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin fetur ya ninka cikin 'yan kwanaki, injin ban-ruwan lambun gidan ya koma cin riba har da uwar kuɗi. Alhaji ya ce a koma sola. Shawara ce mai kyau, ba wanda ya musa. Aka samo wani matashi daga Kano, mai fara'a da saurin baki, kowa Injiniya yake ce masa. Aiki ɗaya aka kira shi ya yi: ya kafa farantan sola da injin da zai jawo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki, a shayar da tumatir da albasa. Amma kafin ya gama shan ruwan baƙunta, Hajiya ta aiko daga cikin gida cewa tunda rana kyauta ce, a haɗa mata da firji ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo. Wani ƙanen Alhaji ya ce ai injin niƙan ƙofar gida ma mai yake sha. Injiniya ya ce duk abu ne mai sauƙi, akwati ɗaya zai raba wutar gida uku, kuma ya fi arha a kan a sayi uku daban-daban. Bijimai 2, wata 3, an gama.

Rani biyu ya wuce. Bijimai 5 sun bi hanyar karar Wudil.

Akwatin yana nan maƙale a bangon wani ɗan ɗaki da aka gina masa musamman, ruwan toka, da ɗan gilashi a gabansa inda rubutu ke fitowa. In aka kunna injin ruwa, firjin Hajiya ya ɗauke. In aka ta da injin niƙa, akwatin ya yi kuka sau uku, wasu haruffa da lamba su fito suna ƙiftawa da ja, komai ya tsaya cak, yara su kwashe kwanukan dawa su nufi wata unguwa. In aka buga wa Injiniya waya, amsarsa ɗaya ce: ku kashe ku kunna. Ana iya shiga ƙwaƙwalwar akwatin a daidaita ta, amma a kulle take, lambar sirrin kuma tana wurin Injiniya, wai don kada yara su yi wasa da ita. Duk zuwansa da kuɗin mota da kaza, duk tafiyarsa da sabon abin da ya rage a saya.

Wata Alhamis da sanyin hunturu ya fara sauka, ya zo da labarin cewa akwatin ya zama tsohon yayi, kamfani ya fitar da sabo wanda zai warware komai. Alhaji ya yi shiru, ya ja carbi, sannan ya ce gobe Juma'a a kai jan bijimi kasuwar Wudil. Jan bijimin nan kuwa ɗaya ne daga cikin biyun da ke jan garmar gidan.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a zaure kamar kullum. Injiniya zai kwana, don haka yana wurin. Saje ne ya shigo ƙarshe, da rediyonsa rataye a kafaɗa. Shi ƙanen Alhaji ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi aikin sojan sama, makaniken jirage, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Makurɗi, ya dawo gida da fansho da ciwon gwiwa. Tun da aka fara maganar sola bai taɓa sa baki ba, ɗakin akwatin ma ba a taɓa ganin ya leƙa ba. Ya gaida wansa, ya zauna ɗan nesa kamar yadda ya saba, ya kira Auta, ɗan Alhaji na ƙarshe, mai karatun kwamfuta a jami'ar Wudil.

"Auta, matso da wayar nan taka. Wani labarin Amurkawa na ji, ya hana ni barci. In na zo kan lamba ka duba mini, kada in yi wa mutane ƙarya da tsufana."

"To, Baffa."

"Sojan Amurka masu tuƙa jiragen yaƙi kashi uku ne. Sojan sama suna son jirgi mai tashi daga dogon fili. Sojan ruwa suna son wanda zai dira a bayan jirgin ruwa ana tsakiyar teku, ƙugiyarsa ta cafki igiya ya tsaya, don haka sai mai faɗin fiffike da ƙarfin ƙafa. Sojan kundumbala kuma suna son wanda zai tashi a ɗan guntun fili, in zai sauka ya yi saukar ungulu. Sai manyansu suka zauna suka ce me zai sa a ƙera uku? A yi guda ɗaya ya yi wa kowa, ai ya fi arha."

Injiniya, da ke danna wayarsa, ya ɗago kai.

"Aka sa kamfani biyu gasa, Boeing da Lockheed Martin. Lockheed ya cinye. Wace shekara ce, Auta?"

"Oktoban 2001, Baffa. Sunan jirgin F-35."

"Ba a haife ka ba ke nan. Nawa aka yi ciniki?"

"Dala biliyan 233, jirage sama da 2,800."

"Yanzu fa?"

Auta ya ɗan ja yatsa a kan gilashi. "An rage jiragen zuwa 2,470, kuɗin kuma ya haura biliyan 440. In aka haɗa da mai da gyara da kula da su har shekarar 2088, lissafin ya wuce dala tiriliyan 2."

"Kaya ya ragu, kuɗi ya ƙaru," in ji Saje. "Ikon Allah."

Wani dattijon maƙwabci ya tambaya ko tiriliyan shanu nawa ne. Aka yi dariya, har da Alhaji.

Saje bai ƙara gishiri ba. Lissafin nan na ofishin GAO ne, masu bin diddigin kuɗin gwamnati a madadin majalisar dokokin Amurka, waɗanda suka shekara fiye da ashirin suna rubuta rahoto a kan jirgin nan, ana karantawa ana ajiyewa. Arhar da aka yi alkawari ta dogara ne a kan cewa nau'o'in uku za su yi tarayya a mafi yawan sassansu, kashi 70 cikin 100 ko fiye. Da aka shiga aiki, kowane ɓangare ya ja nasa, har janar ɗin da ke shugabantar shirin, Christopher Bogdan, ya faɗa da bakinsa cewa abin da suka haɗa bai wuce kashi 20 zuwa 25 ba. An nemi jirgi ɗaya, an samu uku masu amsa suna ɗaya.

"Taura biyu ma ba ta taunuwa," in ji Saje, "su uku suka cusa. Amma wannan ba shi ya hana ni barci ba. Cinikin biri a sama da suka yi ne. Jirgin ya fara tashi a Disambar 2006. A ƙa'idarmu ta makanikai, sai an gwada abu ya nuna halinsa, an gyara, an sake gwadawa, sannan a ce a ƙera da yawa. Su kuwa suka ce kwamfuta ta riga ta gwada musu shi tun yana zane. Suka shiga saye ana cikin gwaji. Duk aibin da aka gano a sama, sai a dawo da waɗanda aka riga aka biya kuɗinsu, a farke su a gyara. Kuɗin farkewar kuma yawanci daga aljihun mai saye. Wani babbansu na harkar saye, Frank Kendall, a 2012 ya fito fili ya ce wannan sakacin aiki ne tsagwaro. Auta, takardar da ke cewa an gama gwaji, a ci gaba da ƙerawa gadan-gadan, yaushe aka sa mata hannu?"

"Maris ɗin 2024."

"An ƙera nawa a lokacin?"

"Kusan 1,000."

Saje ya gutsuri goro, ya tauna a hankali. Bai dubi kowa ba.

"Mu a zamaninmu jirgi ƙarfe ne da waya da mai. In ya ƙi tashi, ka tuɓe riga ka shiga ƙarƙashinsa ka lalubo ciwon da hannunka. Wannan kuwa kwamfuta ce aka sa wa fiffike. Kai da kake karatun abin, gaya wa iyayenka."

Auta ya gyara zama. Ya ce abin da ke tafiyar da jirgin manhaja ce, rubutun umarni ne layi-layi, sama da layi miliyan 8 a cikin jirgin kaɗai. Ita ke haɗa abin da rada ta hango da abin da kyamarori suka gani, ta zuba wa matuƙi a gilashin hular kansa, hular da ita kaɗai ta kai kimanin dala dubu 400. Ita ke ce wa makami fita. Matsalar rubutu mai yawa haka, in ji shi, komai a jikin komai yake: ka gyara nan, can ya kwance, kuma ba za ka sani ba sai ka sake gwada duka daga farko. Shi ya sa ranar da aka ce za a gama manhaja ba ta cika zama ranar da ake gamawa ba.

"Madalla," in ji Saje. "A 2016 radar jirgin ta riƙa sandarewa ana tsakiyar tafiya a sama. Wani janar ɗinsu ne ya faɗa wa 'yan jarida. Ka san maganin da aka ba matuƙi?"

Auta ya duba wayar, ya daɗe bai ɗago ba. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ya kashe ya kunna, Baffa."

Wani daga cikin samarin da ke bakin ƙofa ya tuntsire, ya mayar da ita tari.

"Akwai kuma wata manhajar a ƙasa, ALIS, ita ce magatakardar kayan gyara. Makanike ya duba jirgi tas, lafiya lau. Manhaja ta ce wani ƙarfe babu shi a jikin jirgin, alhali ga shi a ɗaure yana kallonsa. Magana ta ƙare, jirgi ba ya tashi sai an bi manya an nemo izini. Ni da na yi aikin, na san baƙin cikin da ke cikin wannan. Suka haƙura da ita shekara da shekaru, a 2020 suka ce za a maye ta da wata, ODIN. Tsugune dai ba ta ƙare ba. Sai kuma aka ce kwamfutar da ke cikin jirgin ita kanta ta zama tsohon yayi, ga sabuwa nan tafe wadda za ta warware komai."

A nan zauren ya yi tsit. Kalmomin ba su kwana ba tun da aka ji su a wannan zauren, kowa kuma ya gane bakin da suka fito. Saje ya ci gaba kamar bai lura ba.

"Sabuwar ta zo, TR-3 suke ce mata. Manhajarta ta ƙi zama. Daga Yulin 2023 zuwa Yulin 2024 gwamnati ta ce ba ta karɓar jirgi ko ɗaya mai wannan sabuwar kwamfutar. Kamfani kuma bai daina ƙerawa ba. Sababbin jirage dal, wajen 100, aka jera su a filin masana'anta a Fort Worth, jihar Texas, suna shan rana. Da aka gaji, aka ce to a kawo su haka nan, a riƙa koyon tuƙi da su, yaƙi kuma sai an gama gyara. Babban aikin sabuntawar da wannan kwamfutar za ta ɗauka, an ce dala biliyan 10.6 ne, ya koma 16.5, shekarun gamawa kuma suna ta matsawa gaba."

Injiniya ya kasa daurewa. Ya rusuna kaɗan. "Baba Saje, Allah ya ba ka haƙuri, amma jirgin nan fa yana aiki. An ƙera fiye da 1,000. Ingila ta saya, Japan ta saya, Italiya, Isra'ila, ƙasashe layi suke yi. Duk sabon abu sai ya ba da wahala kafin ya zauna."

Gaskiyarsa ce, kuma bai kamata a danne masa ita ba. Matuƙan da suka hau jirgin suna yabonsa, rada ba ta ganinsa da sauƙi, ya kuma shiga yaƙi ya fito. Wanda ya ce tarkace ne bai yi adalci ba. Saje ma bai ce haka ba.

"Ka faɗi gaskiya, ɗana. In ya tashi, samun na biyunsa sai an tona. Auta, yana tashin?"

"A Maris ɗin 2023, kashi 55 cikin 100 ne kawai suke a shirye su yi aiki."

"Cikin goma, biyar da ɗan ɗori. Sauran suna jiran kayan gyara. Masu layin kuma, akwai Suwizalan a ciki, mutanen da duniya ke kai wa ajiyar kuɗi don iya lissafinsu. Suka yi cinikin jirage 36 a kan kuɗinsu faran biliyan 6, suka gaya wa jama'arsu farashi a yanke yake, ba ƙari. A 2025 Amurka ta ce musu ba su fahimci maganar ba ne, akwai ciko." Ya yi murmushi. "Har cigiyarsa an taɓa yi. A Satumbar 2023, a jihar Carolina ta Kudu, wani abu ya rikice wa matuƙi ya dirgo da lema, jirgin ya ci gaba da tafiyarsa shi kaɗai. Sojoji suka ba da sanarwa, duk wanda ya ga jirgin yaƙi ya taimaka ya kira wannan lamba. Sai washegari aka tsinci tarkacensa."

Aka yi dariya sosai, har Injiniya, don ya samu wurin numfasawa. Alhaji ne kaɗai bai yi ba. Ya ajiye carbi a cinya.

"Su ba su da manya ne? Ba mai tsawatarwa?"

"Akwai, Yaya." Saje tabarma yake kallo. "A Fabrairun 2010 sakataren tsaronsu, Robert Gates, ya sauke janar ɗin da ke riƙe da shirin, ya kuma hana kamfanin dala miliyan 614. Aka ce yau za a ga aiki. Aka ci gaba da biya."

"Dalili?"

"Wayon da aka yi tun farko, Yaya. Ba a ƙera jirgin nan a gari ɗaya ba. An rarraba aikin sassansa a jihohi fiye da 40. Wannan jiha tana yin taya, waccan tana yin waya, wata tana yin kujera. Duk ɗan majalisar da zai miƙe ya ce a tsaya, sai a tuna masa mutanen mazaɓarsa nawa ne ke cin abinci a ciki. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya."

A zauren nan akwai ƙanen da ya buga bulon ɗakin akwatin. Akwai surukin da ya yi waldar ƙarafan da farantan ke zaune a kai, aka kuma sake kiransa da aka ce a canza musu fuska. Akwai saurayin da ake ba ɗan wani abu duk wata don gadin farantan da dare. Kowannensu ya sami wani abin dubawa a tafin hannunsa ko a rufin zaure. Ba kunyar Alhaji kaɗai ta rufe bakin gidan nan rani biyu ba, kuma Saje ya daɗe da sanin haka.

"Sannan sun riga sun ƙona gadar baya. Tsofaffin jiragensu sun tsufa, wani mai kyau da suke da shi, F-22, sun rufe ƙera shi bai kai 200 ba. In sun fasa wannan, me za su hau?"

Tsohon injin ban-ruwan gidan, mai shan fetur, an sayar da shi tun watan farko, aka ce an gama da shi har abada.

"Na ƙarshe kuma shi ne babba. Gwamnati ta biya kuɗin zane, ta biya kuɗin ƙira, ta biya kuɗin gyaran kuskure, amma ba ta sa a takarda cewa sirrin ƙwaƙwalwar da bayanan gyara nata ne ba. Suna hannun kamfani. Jirgi naka, makulli na wani. Sojanta ba sa iya wasu gyare-gyaren sai an kira mai shi, ba kuma za ta iya kai aikin wani wuri a yi mata arha ba. Kendall ɗin nan, da ya zama sakataren sojan sama, a 2023 ya ce babban kuskure ne, ba za su sake yin irinsa a jirgi na gaba ba. Auta, karanta wa Babanka na tukuicin nan."

"A 2024 kamfanin ya kawo jirage 110, duka a makare, in aka raba kowanne ya makara da kwana 238. Kuma yadda aka rubuta kwangilar, ko jirgi ya makara da kwana 60, kamfani na iya samun wani abu daga tukuicin cika alkawari."

"Kaza da kuɗin mota ke nan," in ji dattijon maƙwabci, wanda ba ya cikin gandu, ba kuma abin da za a yi masa.

Alhaji ba yaro ba ne. Mutumin da ya riƙe gida mai baki fiye da hamsin shekara talatin ya san inda kibiya ta dosa tun tana cikin kwari. Ya bari dariyar ta lafa, sannan ya ce, shi ma bai dubi ƙanensa ba:

"Ka iya ba da labarin mutanen nesa, Saje. Naku jiragen na Makurɗi fa? Kamar na ji an ce wasu sun yi shekaru suna gadinsu suna karɓar albashi."

Samari suka sunkuyar da kai. Saje ya yi 'yar dariya, ya shafa gwiwa.

"Ba ƙarya aka gaya maka ba, Yaya. Jaguar, guda 18, daga Ingila. An yi cinikinsu a 1983, suka fara isowa a 1984. Ranar da suka sauka kowa ya sa sabon kaki. Ba a jima ba farashin mai ya faɗi, naira ta karye, kayan gyara kuma sai da kuɗin waje. Zuwa 1991 an ajiye su gaba ɗaya, da yawansu ba su yi wata tafiyar kirki ba. Muka toshe musu baki da murfi don tsuntsaye, muna goge musu gilashi, muna kallon tayoyinsu suna lotsawa a siminti. In babban baƙo zai zo a wanke su su yi ƙyalli. Ƙarshen wata mu sa hannu mu karɓi albashi. Kowa ya san ba za su ƙara tashi ba, ba kuwa wanda ya faɗa, don ƙaramin soja ba ya gaya wa babba abin da ya gani. Shi ya sa da na tsufa nake ba yara labari."

Ba wanda ya tanka.

"Bambancinmu da Amurkawa ɗaya ne. Su in kuɗi ya ƙare, su ke buga dala, duniya kuma tana rububin ba su bashi. Kuskuren da za su yi su wartsake, mu shi zai kwantar da mu. Bayan Jaguar an sayo F-7 guda 15 daga Sin, cinikin 2005. A 2018 aka ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar mai tun majalisa ba ta amince ba, aka biya Super Tucano 12, suka iso a 2021, suna Kainji. Yanzu an yi odar 24 daga Italiya, M-346, su ma cike da kwamfuta. Allah ya sa su yi amfani, don mutanen Zamfara da Borno suna buƙata. Ni dai duk sauraron rediyona ina jin nawa aka saya da ranar da za su iso. Wa zai riƙe makullin ƙwaƙwalwarsu, nawa za su riƙa ci duk shekara, wannan tambayar ce nake jira in ji wani ya yi."

Ya kunna rediyonsa ƙasa-ƙasa, alamar ya gama.

Alhaji ya juya wajen baƙonsa, da murya mai laushi. "Injiniya, lambar nan ta akwati, rubuta wa Auta ita a takarda. Ai ya girma, ba zai yi wasa da ita ba."

Injiniya ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, lambobin biyu ne. Ƙaramar tana wurina, yanzu ma sai in ba shi. Babbar, wadda ake shiga ciki sosai da ita, tana wurin wanda ya shigo da kayan, a Legas. Shi ma in abin ya yi tsanani, saƙo yake tura wa kamfanin a Sin."

"Suna amsawa?"

"Wani lokaci, ranka ya daɗe."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Saje, Amurkawan nan, sun fasa?"

"Har gobe suna saye, Yaya. Sai dai na sabuwar kwamfutar, a 2024 sun riƙe dala miliyan 5 a kan kowane jirgi, sai ranar da suka ga ya yi abin da aka ce zai yi."

"Hm," in ji Alhaji. Ya miƙe, aka yi sai da safe.

Da gari ya waye ya zaga turke, ya daɗe tsugune yana duba ƙafar jan bijimi ta baya. Ya ce yana ganin kamar tana ɗingishi, ba a kai dabba kasuwa a haka, dillalai su karya mata daraja. Yaron da ke kiwo ya buɗe baki zai yi magana, Saje ya miƙa masa ɓarin goro. Raguna 2 aka ɗora a motar Wudil a maimakonsa, na Hajiya, aka ce ai ita ke son ƙanƙara.